Murhun gawayi mai yumɓu a ciki: ya rage min kashe kuɗi amma bai raba ni da yaƙin Rasha ba

Murhun nan yana aiki, wannan na fara faɗa kar wata ta gaji da karatu bata samu amsa ba. Irin mai ƙarfe ta waje da gasasshen yumɓu ta ciki nake nufi, mai 'yar ƙofa daga ƙasa da hannuwa biyu, wanda yanzu in kika shiga layin 'yan kayan kicin a Sabon Gari ko kasuwar Rimi zaki ganshi a jere kala kala. Gawayin da a tsohon kurfoti na na gwangwani girkin rana kawai yake min, a wannan in na lallaɓa shi yana kaini har na dare. Amma maganar da masu tallansa ke yi wai in kin siya kin yi bankwana da tsadar gas har abada, wannan kam zancen kasuwa ne, ku biyo ni a hankali.

Ni tun asali ba 'yar gawayi bace. Da gas nake girki tunda aka kawo ni gidan nan, ga risho a ajiye saboda irin ranar da gas zai ƙare miki kina tsaka da tuƙin tuwo. A farkon 2021 tukunyar gas ɗin nan mai kilo 12.5 wajen naira 4,000 ake cika ta, kafin shekarar ta fita ta haura 7,000, kinga kenan tun ba a harba harsashi ko ɗaya a Yukren ba gas ya fara gudu, dala ce da harajin VAT da aka ɗora wa wanda ake shigowa dashi daga waje a shekarar, ga duniya ta farfaɗo daga korona kowa na neman makamashi lokaci guda. Ina faɗin haka ne don akwai masu ɗora wa Putin komai da komai har tsadar daddawa. Amma daga ranar 24 ga Fabrairun 2022 da Rasha ta afka wa Yukren abun ya sake salo gaba ɗaya, kafin ƙarshen shekarar tukunyar ta tsallake 10,000, kananzir ɗin da nake taƙama dashi a matsayin mafita kuwa daga ƙasa da 500 lita ya haura 1,000. Wato risho ma ya zama na masu hali. Ranar dana lissafa na ga girki da kananzir ya fi girki da gas tsada dariya ce kawai ta kama ni wlh.

Ni ma'abociyar rediyo ce a kicin, sannan ƙanena direban tanka ne Legas zuwa Kano, a tsakanin su biyun na gane yadda faɗan da ake yi can ƙarshen duniya yake shigowa har cikin tukunyar miya ta. Rasha na cikin manyan ƙasashe uku masu haƙo ɗanyen mai a duniya, tana shiga yaƙi Turawa suka fara ƙaƙaba mata takunkumi, a watan Maris ɗin shekarar ganga ta haura dala 120. Kafin yaƙin wajen kashi 40 cikin ɗari na iskar gas ɗin da Tarayyar Turai ke shigowa da ita daga Rasha take zuwa, haka kusan rabin dizal ɗin da suke sayowa. Da suka ɓata sai Turawan suka bazama duniya da jakar kuɗinsu suna saye duk inda suka samu, mai kuɗi kuwa in ya shigo layi ai kinsan wa za a fara sallama. Mu kuma a lokacin matatun mu na Kaduna da Warri da Fatakwal duk a kwance suke, ɗanyen mai muke fitarwa mu sayo tatacce, da yawa ma daga tashoshin jiragen ruwan Turan ɗin irin na Beljiyam da Holan. To dizal da kananzir an daɗe da sakar wa kasuwa su babu tallafi, shi yasa su suka fara cin mu kai tsaye, dizal da bai kai 350 ba a farkon 2022 kafin tsakiyar shekara ya haura 700, wasu gidajen man har 800.

Wata zata ce to ni meye haɗi na da dizal tunda bani da tirela. Hajiya ta gas ɗin da kike girki dashi ba a Kano ake yinsa ba, daga kudu ake lodo shi, tafiyar kusan kilomita dubu a motar da ke shan dizal, zuwa da dawowa. Injin niƙa dizal, gidan burodi dizal, masu ƙanƙara dizal, motar da ta ɗauko miki doya da manja dizal. Shi kansa gas ɗin ko wanda kamfanin iskar gas na NLNG ke samarwa a Bonny ta jihar Ribas ne a lokacin da farashin duniya ake auna shi kuma da dala, duk da sun ce daga 2022 duk na girkin da suke samarwa a gida zasu sayar, sannan a Oktoban shekarar ambaliya ta zo ta taɓa aikin nasu. Fetur ne kaɗai aka ɓoye mana zafin sa, hukuma na cewa 165 zuwa 185 mu kuma muna kwana a layi, alhali kuɗin tallafin ya kumbura har sai da aka ware masa naira tiriliyan 4 a shekarar, ranar 29 ga Mayun 2023 Tinubu yace tallafi ya tafi, wata na zagayowa aka saki naira. Waɗannan biyun namu ne na gida ba zan ɗora wa kowa ba, kuma ni a gani na sun ma fi yaƙin yi mana illa daga baya, a 2024 ai tukunyar gas ɗin nan haura 15,000 tayi. Amma yaƙin ne ya riga su buɗe ƙofar.

Akwai wata hanyar ma da ba kowa ya lura da ita ba. Rasha da Yukren su biyu suna fitar da sama da kashi ɗaya cikin huɗu na alkamar da ake cinikin ta a duniya, mu kuma kusan duk fulawar mu da alkamar waje ake yi. Fulawa ta tashi, dizal ɗin gashi ya tashi, har masu gidajen burodi suka tafi yajin aiki a Yulin 2022. A gida na shayi da burodi shine karin kumallon yara, na tafasa ruwa kawai an gama. Da burodin ya zama ƙarami kuma ga tsada sai muka koma koko da ƙosai, ɗumame, wani lokacin ɗan wake, dukkan su kuwa wuta suke ci. Wato a daidai lokacin da gas yayi tsada a lokacin girkin safe ya ƙaru min. Wannan ne ya kaini wajen mai murhu.

Tohm ga yadda yake. Yana da nauyi, ba irin kurfotin da yaro zai ɗauka da hannu ɗaya bane, kuma nauyin nan shine amfanin sa, yumɓun na riƙe zafi baya barin sa ya fice ta gefe yadda na gwangwani ke yi, duk zafin sama yake bi zuwa gindin tukunya. Inda ake zuba gawayin ɗan ƙarami ne, ranar farko ma raina shi nayi nace wannan ɗan ramin ne zai dafa min wake? Ashe da gangan aka yi shi haka. Ƙasan ramin akwai huji huji da toka ke zuba ta nan, sai ƙofar nan da ita ce duk sirrin, in kika buɗe ta iska na shiga wuta tayi ƙarfi, in tukunya ta tafasa ki tura ta saura kaɗan sai garwashin ya koma ci a hankali ya daɗe. Wadda bata koyi wasa da ƙofar nan ba asarar kuɗin ta tayi, zata bar ta a wangale gawayi ya cinye cikin ɗan lokaci ta dawo tana cewa an cuce ta.

Inda ya burge ni sosai girki mai jan lokaci. Wake, ganda, ƙafar saniya, farfesun kayan ciki, dahuwar zogale, alala, turara dambu, irin abubuwan da in kika ɗora akan gas kina jin kukan wutar kina jin kuɗin ki na tafiya. Anan sai na ɗora na tura ƙofa na tafi wanki na. Tuwo ma yana yi da kyau, yana zaune daram baya rawa in kina tuƙi, kuma da yake wutar bata da harshe sosai baya saurin kamawa ta ƙasa, in na gama tuƙawa na rufe ya turara akan sauran rushin. Shinkafa dafa-duka kuwa wani ɗan ƙamshi take yi da ba a samu a gas, maigidan da kansa ya faɗa, shi da ba ya yabon girki sai dai ki ga kwano ya dawo wayam. In an sauke komai kuma akwai sauran zafin da zai ɗumama ruwan wankan yara, wannan kyauta ne.

Inda kuma bai yi ba, bai yi ba. Safiyar makaranta ki manta dashi. Kafin ki haɗa gawayi ki kunna ki fifita ya kama sosai wanda ke da gas ta gama soya ƙwai ta wanke kaskon, yara na tsaye da jakunkuna mai adaidaita na ta hon a waje ke kuma kina durƙushe da mafici. Kunnawar ita ce wahalar sa, mutane da yawa leda suke ƙonawa ko tsohon silifa, don Allah a daina, warin kaɗai ya isa ya gaya miki ba abin shaƙa bane, ni ƙananan tsinke da ɓawon gyaɗa ko ɗan tsumma da ɗigon mai nake sawa, in maƙota sun riga ni hura wuta kuma na aika a ɗebo min garwashi. Suya ma sai a hankali, ƙosai da awara suna son ki iya rage wuta nan take in mai yayi zafi da yawa, shi kuma yumɓu in ya ɗau zafi baya jin magana, ko kin rufe ƙofar sai ya ɗau lokaci kafin ya sauko. Sannan bakin sa bai da faɗi, tukunyar gidan biki ko ta masu abincin sayarwa bata zama, akwai babba amma kuɗin sa daban ne. Ga toka, kullum sai kin zubar, in iska ta taso kuma tsakar gida sai shara.

Yumɓun kuma yana tsagewa. Nawa ya fara da 'yar siririyar tsaga ta gefe, har yanzu yana aiki amma ina kallon ta tana ƙara tsawo. Abinda ke saurin kashe shi zuba ruwa don a kashe wuta, yumɓu mai zafi da ruwan sanyi basa shiri, in kin gama ki kwashe garwashin ki zuba a tsohon gwangwani mai murfi ki rufe, zai mutu da kansa gobe ki sake amfani dashi. Kar a barshi a ruwan sama, kar a riƙa jan sa a ƙasa, kar yara su mayar dashi kujera.

Mai shagon dana siya a wajen sa ba laifi yana da fara'a, ya zauna ya nuna min yadda ake sarrafa ƙofar, har ya sa yaron sa ya kai min bakin titi. Amma dana koma nace masa Malam yumɓun fa ya fara tsagewa ko ana samun na canji, sai yace ai Hajiya sai dai ki sake sabo. Haba. Ƙarfen lafiyar sa ƙalau, saboda cikin kawai zan yar da duka? Kuma ku lura a kasuwa akwai na bogi da yawa, fenti mai sheƙi ta waje, ta ciki kuwa ɗanyar laka ce da siminti aka shafe ba a gasa ba. Ki ƙwanƙwasa cikin da ɗan yatsa ko makulli, gasasshe yana da 'yar ƙara kamar sabon tulu, ɗanye kuwa shiru zaki ji dum. Ki duba ƙofar tana rufuwa ruf ko akwai gibi, in akwai gibi ki ajiye musu kayan su. Ki ɗaga shi, in baki ji nauyi ba ba shi bane. Farashi kuwa ba zan faɗa ba don wanda na siya dashi da wanda ake faɗa yanzu ko kusa basu yi kama ba, ki dai taya ƙasa sosai, suna ragewa.

Yanzu ga babbar maganar, wadda saboda ita na zauna rubutun nan. Murhu ba shi ke dahuwa ba, gawayi ne, shi kuma gawayi ba a bayan gida na ake yinsa ba. Daga dazukan Bauchi da Neja da kudancin Kaduna da Taraba da makamantan su ake lodo shi a manyan motoci, motocin nan kuma dizal ɗin nan dai suke sha. Sannan ba ni kaɗai na gudo ba, duk unguwa an gudo, matan ma'aikata da a da ko warin hayaƙi basa so yanzu kowacce da buhun ta a bayan ƙofa, masu shayi da masu abincin sayarwa duk sun dawo. Mai gawayi kuma ba yaro bane, shima yana jin rediyo, ranar da aka ce gas ya ƙara kuɗi kafin sati ya zagayo ƙullin ledar sa ya rame. Buhun dana fara siya da wanda nake siya yanzu ya ninka ya sake ɗoriya, ƙullin naira hamsin kuwa ya zama tarihi. An gudu ba a tsira ba kenan. Abinda murhun yayi min shine ya rage yawan wanda nake ƙonawa, amma farashin sa yana nan ɗaure da na dizal da na gas, in suka motsa shima ya motsa.

Kuma kar ace don bamu da matata ne kawai. 'Yar uwata da ke aure a Damagaram matatar mai ta SORAZ na kusa dasu tun 2011, gwamnati ce ma ke yanka farashi a can, amma a Agustan 2022 sai da aka ƙara musu dizal daga sefa 538 zuwa 668. Mu ma da matatar Ɗangote ta fara sayar da dizal a 2024 ya ɗan sauko an ji daɗi, amma ɗanyen man da take tacewa da farashin duniya ake lissafa shi. A Yunin 2025 da Isra'ila da Iran suka yi kwana 12 suna ɓarin wuta, ana ta fargabar rufe mashigar Hormuz inda wajen kashi ɗaya cikin biyar na man duniya ke bi a lokacin, ai kafin a tsagaita mun ga allon gidajen mai ya canza. Shi yasa yanzu in naji labaran duniya sun fara da makami mai linzami a ƙasar da ke da mai, tunani na buhun gawayi yake tafiya, in da 'yan kuɗi a hannu na aika a ƙaro tun kafin labarin ya iso wajen mai gawayin.

Shi gawayin ma kala kala ne kuma murhun nan yana nuna bambancin ƙarara. Na ƙirya shine sarki, nauyi gare shi, baya tartsatsi, yana daɗewa, ba banza maƙera ke neman sa ba. Na marke ma yana da kyau. Akwai wani mara nauyi kuma da kina zubawa zai kama da wuri ya zama toka da wuri, ga tartsatsin da zai huda miki zani. In zaki sayi buhu ki sa a zazzage a gaban ki ko ki zura hannu ƙasa, da yawa manya manya ne a sama ƙasan kuwa gari da ƙasa har da duwatsu. Ki saya kafin damina, in ruwa ya sauka yana tsada kuma jiƙaƙƙe ake kawowa, ki ɗora buhun akan katako kar ya taɓa ƙasa. Garin da ya rage kar ki zubar, ana kwaɓa shi da ɗan kokon rogo ko laka kaɗan a dunƙula a shanya, yana ci ba laifi. Abinda ke damu na dai in na ga motocin nan shaƙe da buhuna har suna karkacewa, bishiyoyi ne fa, har da kaɗanya ake sarewa wadda matan ƙauye ke cin abinci da ita, mu da hamada ke matsowa. Ko ba komai wanda ke cin rabin gawayi ya fi wanda ke cin cikakke, da wannan nake lallashin kaina.

Abu ɗaya da ba wasa a cikin sa, kar ki kuskura ki shiga dashi ɗaki ki rufe ƙofa da taga, musamman lokacin hunturu da ake sha'awar jin ɗumi. Gawayi na fitar da wata iska mai guba da bata da wari bata da kala, zaki fara jin ciwon kai da jiri da kasala ki ɗauka bacci ne, mutane na mutuwa a haka cikin baccin su, gida guda. Don baki ga hayaƙi ba ba yana nufin lafiya bane, shi wannan murhun ma da baya hayaƙi sosai ya fi saurin yaudarar mutum. Tsakar gida ko baranda ko kicin mai taga a buɗe, mai jego da jariri kuma a nisanta su dashi. Masu zama a bene ɗaki ɗaya da ɗan matsattsen kicin, gaskiya ban baku shawarar sa ba.

Yadda na tsara yanzu, gas na safe ne da baƙon dare da suya, murhu kuma na rana da dare da duk wani abu mai jan lokaci, ranar da babu makaranta ma ko kallon gas ɗin bana yi. A haka tukunyar da take min wata ɗaya da ƙyar yanzu tana haura biyu, in na haɗa da kuɗin gawayin har yanzu akwai rara a hannu na, ba mai yawan da mai shago ya faɗa ba amma akwai, kuma murhun ya daɗe da mayar da kuɗin sa. In kina da tsakar gida da yara da yawa kuma kina yawan dafa wake da tuwo ki siya, in ku biyu ne ke da miji kuna fita aiki tun safe ki bar kuɗin ki ki ƙara gas. Su kuma masu ƙerawa in da mai jin magana ta a cikin su, don Allah ku riƙa sayar da yumɓun cikin daban yadda in ya fashe za a cire a sa wani, ku ƙara wa bakin faɗi, sannan hannuwan nan ku naɗa musu katako, suna ɗaukar zafi sai da tsumma ake iya taɓa su.